Falanki Bakwai Daga Cocin Gangaren Kuza

Ranar Laraba da hantsi matan zumunta suka buɗe ƙofar cocin Gangaren Kuza don addu'arsu ta mako, suka tarar da rami a gaban bagade. Falanki bakwai babu su. An bar gungumen ƙiryar da suke kwance a kai a fili, da duhun ƙasa a ƙarƙashi.

Wanda bai san garin ba zai ce ai katako ne kawai. Gangaren Kuza ƙauye ne a gindin duwatsun Riruwai. Leburorin haƙar kuza ne suka kafa shi tun zamanin Turawa, Musulmi da Kirista, kowa daga inda ya fito. Kuza ta ja baya, Turawa suka tafi, ramuka suka cika da ruwa da kwaɗi. Abin da ya rage da ake nuna wa baƙo shi ne daɓen cocin nan. Haka kowa yake kiransa, daɓe, ko da yake babu ƙasa ko siminti a jikinsa. Maɗaci ne zalla, ja mai duhu, wanda kakanni suka saro daga daji suka tsaga da zarton hannu. A kansa aka sa wa jarirai albarka, a kansa aka ɗaura aure, a kansa aka ajiye gawa. Har Musulmin garin in sun yi baƙo sukan kawo shi ya leƙa ta taga.

Kafin azahar an sami mai laifi. Asabe mai awara ta ce ranar Talata, da gari ya watse zuwa kasuwa, ta hango Sale kafinta ya fito ta bayan coci da wani abu dogo a kafaɗa. Aka tambayi Sale, ya yi shiru. Aka sake tambayarsa, ya ce shi ba ɓarawo ba ne, ya ƙi ƙara komai.

Fasto ya yi tafiya taro, sai Dattijo Ishaya, babban dattijon ikilisiya, ya riƙe magana. A gaban Mai unguwa Kamilu ya faɗa: in ranar Lahadi ta yi falankin nan ba su dawo ba, Sale zai bar garin, don ba zai iya riƙe samarinsa ba. Sale a garin aka haife shi, a nan aka binne iyayensa. A yammacin nan ya ɗora matarsa da yaransa uku a babur zuwa gidan iyayenta a Kiru, ya dawo ya zauna a rumfarsa.

Mai unguwa ya aika Tudun Wada a kira Mas'ud.

* * *

Mas'ud mai bin sawu ne. Shanun sata yake bi, daga bakin dajin Falgore har inda ƙafa ta kai shi. Siriri ne, ba ya yawan magana, idanunsa kullum kamar wanda aka tasa daga barci bai gama mafarki ba. Mutane sukan ɗauka bai ji abin da aka ce ba. Yakan ji. Ƙasa ce kawai ta fi mutane ba shi sha'awa, don ita in ta faɗi abu ba ta canzawa.

Ya iso ranar Alhamis da safe. Tsakiyar bazara ce, wata biyar ba a ga ɗigon ruwa ba, duwatsun suna rawa a cikin zafi kamar a ruwa aka hango su.

Ya durƙusa ya gaishe da Mai unguwa, ya gaishe da Dattijo Ishaya. Ishaya dogo ne mai farin gemu, muryarsa ta saba da cika ɗaki. Ya ce shi bai ga amfanin mai bin sawu ba tunda an riga an ga ɓarawo da rana tsaka, amma tunda Mai unguwa ya so, bismillah.

Mas'ud ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga. Sanyin katakon ya kama tafin ƙafarsa. Haske yana shigowa ta tagogi a karkace, yana kwanciya a kan jan itacen, sai ya ga kamar yana tafiya a kan ruwan rafi da yamma. Ya tsuguna a bakin ramin. Babu ƙusa ko ɗaya a daɓen. Da turakun itace aka kafe kowane falanki, kuma wanda ya cire su bai karya ko ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya aka buge su daga ƙasa, aka kwashe.

Ya tambayi wanda yake kula da wurin. Ishaya ya ce Yohanna ne, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana aikin, amma ya rasu bayan Kirsimeti. Yanzu matarsa Baturiya ce take shara. Tun mutuwar Yohanna daɓen ya dushe, in ji shi, don mutumin bai taɓa nuna wa kowa abin da yake shafa masa ba. Yakan rufe ƙofa ya yi aikinsa shi kaɗai.

A bayan coci Mas'ud ya daɗe a tsaye. An share filin tas, daga ƙofar baya har bakin hanya. Ɓarawo in zai ɓad da sawu reshe yake ja a bayansa, cikin gaggawa. Wannan sharar ta tsintsiya ce, layi bisa layi, kowanne ya lanƙwasa kamar fiffike. An yi ta a nutse.

Wata tsohuwa ƙarama ta fito daga ɗakin da yake jikin katangar coci da kwanon sha a hannu. Ta rusuna ta miƙa masa ruwa, ta yi masa sannu da rana. Ishaya ya ce ita ce Baturiya. Mas'ud ya tambaye ta ko ita ta yi sharar. Ta ce ita ce, kullum safiya takan yi, ba ta san za a nemi sawu ba. Ishaya ya yi tsaki a hankali, ya ce tsufa ke nan.

Mas'ud ya sha ruwan ya gode mata. Ba ta ɗaga ido ba.

* * *

Rumfar Sale tana bakin hanyar rafi. Mas'ud ya same shi yana goge ƙafar kujera da ba ta buƙatar guga. Mutum ne kakkaura, shekarunsa za su kai arba'in, da garin katako a gashin hannunsa. A ƙetaren hanya samari huɗu suna zaune a kan dutse, ba sa yin komai, suna kallon rumfar.

Suka gaisa. Mas'ud ya zauna a kan gungume ya dubi ƙafafun mutumin, ya dubi takalman taya da ya ajiye a gefe, dugadugin hagu ya fi cinyewa. Ya tambaye shi ko ya je kasuwa ranar Talata. Sale ya ce bai je ba. Ya tambaye shi ko Asabe ƙarya take yi. Sale ya ce Asabe ba ta saba ƙarya ba.

"To kai ka ɗauka ke nan."

"Ni ba ɓarawo ba ne."

"Ban ce ba. Na ce kai ka ɗauka."

Sale ya hura ƙurar da take kan kujerar. "Malam Mas'ud, kai aikinka bin sawu. Ka bi. In ka gani da idonka, ba ni na faɗa ba."

Mas'ud ya tuna masa cewa saura kwana uku. Ya ce ya sani, ya iya ƙirga. Ya ce masa gidan ubansa ne fa zai bari. Hannun Sale ya tsaya a kan katakon na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da guga.

Da Mas'ud zai tafi, ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga murya ya ce ko mai bin sawun yana so a nuna masa sawun, ga shi can zaune yana gugar kujera. Sauran suka yi dariya. Mas'ud ya wuce kamar iska ce ta yi magana.

* * *

A majalisar Mai unguwa kowa yana da nasa zargin. Wasu suka ce makiyaya sun wuce da shanu ta gefen gari ranar Talata, wataƙila kwamin ban ruwa za su sassaƙa. Mas'ud ya je ya duba burtalin. Shanu talatin da biyu, jaki ɗaya, mutum biyu, babu wanda ƙafarsa ta nutse da nauyin kaya. Ya dawo ya ce a bar makiyaya.

Sai wani ya ambaci Nazifi, mai sayar da katako a Tudun Wada. Bara ya zo har sau biyu yana lallashin dattawa su ba shi tsohon daɓen, shi kuma ya shimfiɗa musu tayil mai walƙiya. Aka kore shi. Wa zai sa kafinta ya ciro falanki in ba mai son su ba? Wannan magana ta zauna a zuciyar kowa, har ta Mas'ud.

Ranar Juma'a da sassafe ya hau babur ya koma Tudun Wada. Ya sami Nazifi a shagonsa cikin tarin katako, mutum mai tumbi da fara'a, yana shan shayi da waya biyu a gabansa. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce in shi zai yi sata ai ba zai tsaya a bakwai ba, da mota zai je. Ya buɗe masa sito ya ce ya duba. Mas'ud ya duba. Farin katako ne mara nauyi, wanda gara take cinyewa a damina biyu. Babu maɗaci.

Amma Nazifi in an taɓa masa maganar itace ba ya tsayawa. Ya ce irin wancan maɗacin ya ƙare a duniya, yanzu yara ake sarewa, ba a bari itace ya tsufa. Ya ce masu aikin nan sun san abin da suke yi: ƙirya a ƙasa don gara ba ta iya mata, maɗaci a sama don ba ya tsagewa, kuma ba su manna shi da bango ba.

"Na sa yatsana da kaina," in ji shi. "Tazarar yatsa guda suka bari, bango huɗu. Katako numfashi yake yi, Malam. Da damina ya sha laima ya buɗe, da rani ya koma. In ba ka bar masa wuri ba sai ya yi doro ya tashi sama. Yanzu da bazarar nan, in ka je, yatsa biyu ma sai su shiga."

Mas'ud ya yi masa godiya ya tashi, shayin da aka zuba masa yana tururi.

* * *

Ya iso Gangaren Kuza rana tana tsaka, gari ya yi tsit, awaki sun lafe a jikin katanga. Ya shiga cocin shi kaɗai. Ya tafi bangon gabas, na kusa da bagade, ya tsuguna ya nemi tazarar. Babu. Katakon ya matse da bango, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya bi bangon da yatsa har zuwa ƙofa. Can baya, inda kujerun ƙarshe suke, yatsunsa biyu suka shige.

Wata biyar babu ruwan sama, amma katakon gaban coci ya sha ruwa ya ƙoshi.

Ya zura ƙafa ya sauka cikin ramin, ya kwanta rigingine tsakanin gumaguman ƙirya, inda mutum ba ya iya zama. Wurin da sanyi. Haske yana zubowa ta tsakanin falankai siriri-siriri, ƙura tana yawo a ciki a hankali. Ya dubi cikin katakon da ya rage. Wani abu ya gangaro ta kowace tsaga ya bushe, baƙi-baƙi, ja-ja. Ya damƙi ƙasa, ya ji ta da danshi. Ya kai hanci.

Sai cocin ya tafi. Ya ga kansa yana ɗan shekara shida a rugarsu ta Badafi, a shekarar da ubansa ya daina yawo ya gina ɗakin ƙasa na farko. Matan maƙwabta sun taru a ɗakin innarsa, kowace da madaɓi a hannu, sun durƙusa a jere suna bugun ƙasa, bugu ɗaya kamar zuciya ɗaya. Wata tana bin su da ƙwarya tana yayyafa jan ruwa mai ɗaci. Kwana uku ana yi. A rana ta huɗu ɗakin ya yi santsi yana sheƙi, innarsa ta hana shi shiga da ƙafa mai ƙura. Warin nan ya zauna a ɗakin har ta rasu.

Makuba ce. Ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a zuba wa daɓen ƙasa don ya yi ƙarfi ya yi kyau.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a kwance ba. Da ya fito inuwar taga ta matsa. Ɓarawo ba ya yi wa abin da zai sata kwalliya. Wani ne ya so daɓen ya yi sheƙi, ya yi masa abin da ake yi wa daɓe.

* * *

Shara tana da iyaka. Mas'ud ya zagaya bayan inda tsintsiya ta tsaya, ya yi ta faɗaɗa da'ira har ya tsinci abin da yake nema a wani yashi tsakanin duwatsu biyu: takalmin taya, dugadugin hagu a cinye, ya nutse da nauyi in zai tafi, ya yi sauƙi in zai dawo. Sau bakwai. A gefensa akwai wata ƙafa, ƙarama, ba takalmi, babban yatsa a karkace. Ita ba ta ɗauki komai ba. Kuma ita ba ranar Talata kaɗai ta bi hanyar ba. Akwai na Laraba, akwai na jiya, akwai na yau da safe wanda ko ƙwaro bai taka ba.

Sawun ya kai shi wani tsohon sito na masu haƙar kuza, bangon dutse, rabin rufin kwano ya tafi. A ɓangaren inuwa ya gan su. An jera su ɗaya bisa ɗaya, an sa karan dawa a tsakani don iska ta ratsa, an danne saman da manyan duwatsu. Kowanne ya lanƙwasa kaɗan kamar kwale-kwale. A gabansu akwai wani dutse mai faɗi inda ƙananan ƙafafun suke tsayawa, mai su ta zauna.

Ya shafa falankin sama. Har yanzu da sanyi a cikinsa. Ba zai bushe kafin Lahadi ba, ko ta sama.

Ya sami Baturiya a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. A bayan ɗakin akwai tsohuwar randa a kife, da tarin ɓawon ɗorawa da ya yi laushi, an rufe shi da buhu. Ya yi sallama ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan. Ya ce ya ji an ce a ƙuruciyarta babu mai daɓe kamarta. Ta ce an yi haka. Ta ce har Doguwa ake zuwa ɗaukarta in za a yi wa amarya ɗaki.

"Inna, kwana nawa kika zuba masa?"

Wake ya daina motsi a faifan.

"Uku," ta ce. "Kamar yadda ake yi."

Sauran ta faɗe shi a hankali, tana kallon hannayenta. Da Yohanna zai mutu, abin da ya ce mata shi ne ta kula da daɓen. Bai ƙara komai ba, numfashi ya ƙare. Wata huɗu tana shara tana ganin jan yana mutuwa, mata suna cewa da Yohanna yana nan da ba haka ba. Ita kuwa daɓe ta san shi. Ta jira ɗorawa ta nuna, ta tara ɓawo, ta jiƙa. Ranar Asabar da Lahadi da yamma da Litinin ta rufe ƙofa ta zuba a gaban bagade, inda aka fi gani, ta bar shi ya kwana. Ranar Talata da safe ta tarar katakon ya yi doro kamar kabari. Ta ruga wurin Sale. Ya ce in ba a cire su yanzu ba za su tura sauran su tsage. Ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba.

Mas'ud ya tambaye ta me ya sa Sale zai riƙe rantsuwa har ta cinye masa gida. Ta ce da aka haife shi uwarsa ta kwanta ciwo wata biyar, ita kuma a lokacin ta binne nata jaririn, nono yana zuba. Ita ta shayar da shi. Mutane sun manta. Shi bai manta ba.

Ta ce kullum tana zuwa ta taɓa su tana roƙon Allah su bushe kafin Lahadi, a mayar, magana ta mutu. Ya gaya mata ba za su bushe ba. Ta ce Sale ma haka ya ce. Ta ce shekara arba'in sunan mijinta a kan katakon nan yake, ba ta da ɗa, ba ta da kowa, in aka ce ita ta lalata shi da wane ido za ta shiga cocin?

"Gobe Mai unguwa zai tara mutane," in ji Mas'ud. "Ba zan kira sunanki ba, Inna. Amma ki sani, abin da zan faɗa ba zai ishi Sale ba."

Ta ci gaba da tsintar waken, tana zubar da masu kyau tare da tsakuwa.

* * *

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidan Mai unguwa. Sale yana zaune a tsakiya a kan tabarma. An kira Nazifi ya zo yana fifita da hula. An kira babban makiyayan ya tsaya a gefe da sandarsa. Asabe tana cikin mata, samarin coci a bayan Ishaya, samarin masallaci a ɗaya gefen, tsakaninsu fili kamar faɗin hanya. Baturiya tana can ƙarshe, ta rufe kai da zane.

Mas'ud ya miƙe. Ya sallami makiyayi da kalma biyu, ya sallami Nazifi. Sannan ya kwance wani ƙulli ya zuba ƙasar da ya ɗebo daga ramin a cikin ƙwarya, ya miƙa wa mata ya ce su sansana. Ƙwaryar ta bi hannu. Tsofaffin suka dubi juna. Wata ta ce makuba ce, ko makaho ya sani.

Ya gaya musu abin da ƙasa ta gaya masa. An zuba wa daɓen makuba, katako ya sha ya kumbura, aka cire bakwai don a ceci sauran. Suna nan a tsohon sito, a inuwa, babu wanda ya ɓata. Ya ce an kira shi ya bi sawun ɓarawo, ya bi, babu ɓarawo a garin nan.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Ishaya ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tambayi wanda ya zuba. Mas'ud ya ce wannan ba ya cikin abin da aka kira shi ya yi.

Ishaya ya ce to magana ta fi da muni. In ba sata ba ce, ɓarna ce. Wa ya san abin da ruwa yake yi wa katako in ba kafinta ba? Wa zai samu aikin gyara in ya lalace? Wa ya taɓa cewa Nazifi yana da gaskiya a kan tayil in ba Sale ba? Samarinsa suka fara miƙewa. Na ɗaya gefen ma suka miƙe. Mai unguwa ya juya ga Sale, ya ce don girman Allah ya buɗe baki, wannan ce tambaya ta ƙarshe.

Sale ya dubi tabarma. Ya ce in an ba shi zuwa gobe da hantsi zai kwashe kayan aikinsa.

Mas'ud ya san sunan, yana kan harshensa, kalma ɗaya ce. Ya ɗaga kai ya dubi ganyen ɗorawar, ya ƙirga numfashinsa.

Ba a ji tasowar Baturiya ba. Sai ganinta aka yi tana ratsa filin da yake tsakanin samarin, a hankali, ba takalmi. Ta zo gaban tabarmar ta tsaya, ta sauke zanen daga kanta.

"Sale, ɗana, na sake ka. Rantsuwar ta faɗi." Ta juya ga Ishaya. "Ni ce, Baba Ishaya. Yohanna ya ce in kula da daɓe. Ni kuwa daɓe ɗaya na sani."

Wata tsohuwa a cikin mata ta ce a hankali, ita ma da ita aka bar wa, makubar za ta zuba. Wata ta ce ai daɓe ake ce masa. Samarin suka fara zama ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman inda zai ajiye idonsa.

Muryar Ishaya da take cika ɗaki ta fito ƙarama. Ya ce wa Baturiya ta je ta zauna, babu wanda zai ce mata komai, laifin nasu ne da ba su taɓa tambayar Yohanna ba. Sannan ya tambayi Sale ko katakon zai gyaru.

Sale ya ce zai gyaru. Kada a sa shi a rana, kada a ɗaga duwatsun. In ya bushe a goge bakin a mayar da turakunsa. Daga nan kuma ruwa ya yi nesa da shi har abada, tsumma busasshe kawai, sai kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗe sau biyu a shekara. Abin da Yohanna yake shafawa ke nan. Da an tambaye shi da ya faɗa tun tuni, amma babu wanda ya tambaya.

Mai unguwa ya ce alhamdulillahi, magana ta ƙare, sai Sale ya aika a dawo da iyalinsa.

Sale ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Ya dubi samarin da suka kwana uku a kan dutse suna gadin rumfarsa, ya dubi Ishaya.

"Ranka ya daɗe, katakon yana buƙatar kwana ashirin. Zan jira shi, in mayar da hannuna. Maganar iyali kuwa, su zauna inda suke tukuna." Ya kama hannun Baturiya. "Ku ma kuna da kwana ashirin ku gyara abin da kuka ɓata."

Ya ja ta suka bi hanyar coci. Taron ya zauna yana kallon bayansu. Can Dattijo Ishaya ya cire hularsa, ya dogara sanda ya tashi, ya bi su a baya, bai yi saurin da zai cim musu ba.